Karkarwar Birkin A-kori-kurata

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, ƙarfe goma da minti ashirin na safe, na kai wa Barau makanike a-kori-kurata, motata ta ɗaukar kaya, karo na uku. Rumfarsa a filina take.

Na ce, "Barau, har yanzu birkin nan karkarwa yake. Ka gano dalili yau, ko ka tashi daga filina."

"Baba, faifan birki sumul yake. Na'urar da ke hana taya cijewa ma ƙalau take."

"Ban yi makarantar mishan don a ruɗe ni ba."

"To, duk abin da muka kama yana karkarwa, a cire a jefar?"

"A cire!" Har na rubuta, na sa hannu a gaban shaidu.

"Hau ka taka, Baba."

Na taka. "Ga karkarwar nan!"

"Na gani. Amma motar a tsaye take, makullinta yana aljihuna." Ya dubi ƙafata, ya ɗauko sifana. "Daga gwiwa za mu kwance, ko daga cinya?"

Na yage takardar. Shaidu suka watse suna dariya. Waɗanda suka rage: Barau a rumfarsa, motar da ba ta da laifi, ni, da ƙafar da ta shekara saba'in da takwas tana ɗauke da ni.