Yatsan Maigari

An yi wani Maigari, Jatau, wanda ya zagaye rijiyar gari da danga, ya haɗe ta da lambunsa. Da mata suka gaji da zuwa rafi, Tabawa mai daddawa ta ja su zuwa ƙofarsa.

Ya ce, "Wallahi ni ma ina bayanku. Amma goyon bayan baka ba hujja ba ne. Ku kawo takarda, duk mai goyon baya ya dangwala yatsa. In aka rasa ko mutum ɗaya, magana ta mutu."

Da Tabawa ta kawo takardar cike da yatsu, ya duba, ya yi murmushi. "Da saura. Ni mai goyon baya ne, ga shi babu yatsana."

Tabawa ta miƙa masa tawada. "Bismilla, ranka ya daɗe."

"Ba zan dangwala ba."

"To, alhamdu lillahi, ta cika."

"Ta yaya?"

"Kai ka ce na baka ba hujja ba ne. In ka dangwala, ta cika. In ka ƙi, ba ka cikin masu goyon baya, nan ma ta cika."

Maigari ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, "Gobe a cire dangar."

Tabawa ta ce, "Ai da gugarmu muka taho."