Sallamar Shamuwa

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso mu ji ta!

Kura ce ta addabi garin dabbobi, sai aka ba Bushiya tsaron ƙofa, aka ce wanda bai yi sallama ba kada ya shiga.

Ran nan sai ga Shamuwa daga gabas, tana janye da hadari kamar akuya a igiya. Ita kuwa ba ta da murya, sai ta kaɗa baki, ƙwas-ƙwas.

Bushiya ta ce, "Baiwar Allah, wannan ba sallama ba ce. Koma!"

Shamuwa ta juya a hankali, hadarinta ya bi ta, ƙanshin ruwa yana ta nisa.

Kura da ke laɓe ta fito ta rangaɗa sallama.

Bushiya ta ce, "Madalla! Shigo."

Shekarar nan rijiyoyi suka ƙafe, Kura kaɗai ta yi ƙiba.

Ƙurunƙus kan Bushiya!