Tukunyar Kunun Siddiƙa

Akwai wani matashi a garin Daura mai suna Sha'aban, sana'arsa zubin tukwanen alminiyam. Rumfar ta mahaifinsa ce, Malam Ɗantsoho, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a daminar bara. Har yau hular tsohon tana rataye a ƙusa a bakin rumfar. Sha'aban ya kasa cire ta, ya kuma kasa tsayawa ya kalle ta sosai.

Marigayin yana da wata al'ada. Duk ranar da aka narka sabon ƙarfe, tukunyar farko ba ta sayarwa ba ce. Gida ake kai ta, a dafa wa iyali abinci a ciki. Yakan ce, "Abin da ba zan ci a cikinsa ba, ba zan ɗora wa ɗan wani ba."

Sha'aban ya riƙe wannan al'ada kamar wasiyya. Amma akwai ta biyu da ya saki.

Kafin tsohon ya hura wuta, sai ya zauna a tabarma ya tsince kayan ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙwanƙwasa, ya kankara da wuƙa. Duk abin da ya ji ya cika nauyi da laushi, sai ya jefa gefe. Sha'aban gani yake wannan ɓata rana ne. Ya kuma lura cewa mata a kasuwa ɗaga tukunya suke yi su ji nauyinta, mai nauyi ita ce mai kyau a wajensu. Don haka duk abin da ya samo sai ya zuba a wuta, da fasasshen inji, da tsohon lagireto, har da kawunan batirin mota.

Nwafor, mai shagon kayan gyaran mota da yake sayar masa da tarkacen, ya taɓa tsayar da shi.

"Sha'aban, wannan fa dalma ce. Babanka ba ya ɗauka."

Sha'aban ya yi dariya. "Oga Nwafor, wuta tana cinye komai."

A cikin irin wannan zubin ya yi wa 'yarsa Siddiƙa, mai shekara uku, wata 'yar tukunya mai kyau. A ciki matarsa Rauda take dama mata kunun tsamiya kullum da safe, ta rufe ragowar ya wuni a ciki, yarinya tana sha har la'asar.

Wata Laraba da hantsi sai ga Hajiya Murjanatu daga Sandamu. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, yanzu ita ke dafa wa yaran wata firamare abinci. Manyan tukwane goma sha biyu take so.

Sha'aban ya washe baki, ya share mata benci.

Ta ce, "Amma da sharaɗi, ɗana. Za ka yanko mini ɗan guntu daga ƙarfen da za ka yi aikin da shi. Akwai wurin gwaji a Kano. A duba mini ko da dalma a ciki."

Fuskarsa ta sauya. "Gwaji? Hajiya, shekara arba'in mahaifina yana zubi a wannan rumfar. Ba a taɓa kai tukunyarsa asibiti ba."

"Na san mahaifinka, Allah Ya jiƙansa. Ba tukunyarsa na ce a gwada ba. Taka na ce."

Masu rumfunan kusa suka kwashe da dariya. Wani ya ɗaga murya, "Sha'aban, kai ta a yi mata allura mana!"

Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Hajiya, iyalina a cikin tukwanen nan suke ci. 'Yata ta cikina, kununta a ciki ake damawa. In ba ki yarda da ni ba, ga hanya nan."

Hajiya ba ta yi fushi ba. Ta ce a hankali, "Kunun me?"

"Na tsamiya."

Ta runtse ido. "Abu mai tsami shi ya fi jawo ta daga jikin tukunya. Na yi aiki a wani ƙauye da dalma ta shiga wa yara. Ba ta zuwa da ihu, ɗana. Ciwon ciki ne da ba ya jin magani, da ƙin abinci, da rigima ba dalili. Yaron da ya fara magana sai ka ji ya yi shiru. Na rufe idon yara da hannun nan nawa. Shi ya sa nake tambaya."

Ta rubuta lambarta a jikin kwalin ashana, ta ajiye a benci, ta tafi.

Sha'aban ya ci gaba da aiki, amma hankalinsa na gida. Sau biyu yana ɓata zubi.

Da azahar ya koma gida. Ya tarar da Siddiƙa kwance a tabarma ta naɗe kamar mage, hannunta a kan ciki.

Rauda ta ce, "Baban Siddiƙa, cikin nan ne dai. Mai kemis ya ce zazzaɓi, mun ba ta. Inna ta ce shawara ce, mun jiƙa mata magani. Wata na uku ke nan."

"Ta ci wani abu?"

"Kunun ma yau ƙinsa ta yi. Ka lura kuwa? Rabon da ta ce Baba tun kafin azumi."

Bai lura ba. Ko kuwa ya lura, ya ce ƙuruciya ce.

Idonsa ya kai kan 'yar tukunyar a gefen murhu, tana sheƙi a rana. Ya ɗauka. Nauyin da yake alfahari da shi, yau ji ya yi kamar ya ɗauko dutsen kabari.

"Kar ki ƙara sa komai a tukwanen nan. Ki aro ta ƙasa a wajen Inna."

"Lafiya?"

"Ban sani ba, Rauda. Wallahi ban sani ba."

Washegari da safe ya hau babur zuwa Sandamu, tukunyar a cikin buhu. Duk hanya yana shirya yadda zai ba da haƙuri, amma da ya tsaya gaban Hajiya Murjanatu duk ya manta. Ya miƙa mata buhun kawai, ya ce 'yarsa ba lafiya.

Ba ta tuna masa maganar jiya ba. Ta ce, "Tukunya za ta tafi Kano, ƙanena zai kai ta yau. Amma ba za mu jira ta ba. A kai yarinya Katsina a ɗebi jininta. Zan kira wata da muka yi aiki tare."

An ɗebi jinin, aka ce su dawo bayan kwana biyar.

Kwana biyar ɗin nan Sha'aban bai hura wuta ba. Yakan buɗe rumfa ya zauna, waya a hannu. Duk ƙarar da ta yi sai ya yi wuf ya duba. In tari ya kama Siddiƙa sai ya ji kamar a ƙirjinsa ne. Ya riƙa tuna matan da suka ɗaga tukwanensa a kasuwar Baure suna cewa, "Kai, wannan da nauyi, Allah Ya yi albarka." Kowacce da goyo a bayanta.

Ran na huɗu Hajiya ta kira. "Ɗana, ka zauna. Akwai dalma a tukunyar, kuma da yawa."

Ran na biyar likita ya tabbatar tana cikin jinin yarinyar. Ya ce, "Kun zo da sauran lokaci. Za mu kwantar da ita mu ba ta maganin da zai fitar da ita. Amma ba zan ɓoye maka ba, abin da ya riga ya taɓa a kanta, sai a hankali, sai kuma yadda Allah Ya so. Da an ƙara wata biyu, da wata maganar muke yi."

Sha'aban ya fita bayan ɗakin ya durƙusa. Kukan da bai yi ba ranar jana'izar mahaifinsa, ranar ya yi shi.

Da aka sallamo su, bai koma zubi ba. Kowace tukunyar rumfarsu tana da sunan Ɗantsoho a murfi, don haka ba ta ɓuya. Ya bi kasuwar Daura, ya bi Sandamu da Baure, yana tsayawa ya faɗa da bakinsa: "Duk mai tukunyar Ɗantsoho ta bana, ta daina dafawa a ciki. Laifina ne, ba na mahaifina ba. A kai yara a duba su." Wasu suka zage shi. Wata tsohuwa ta jefe shi da murfin tukunyarta. Ya tsince, ya ce ta yafe masa.

Ya karɓo da yawa, ya farfasa su da guduma. Amma akwai waɗanda 'yan ƙauye suka saya suka wuce, bai san inda suke ba. Har yau duk ranar kasuwa yana cigiyarsu.

Yanzu in ka bi ta rumfar da safe, za ka same shi a tabarma ƙarƙashin hular tsohon, yana tsince kaya ɗaya bayan ɗaya, yana kankarawa da wuƙa. Nwafor ma ware masa yake yi tun daga shago. Tukunyar farko kuwa har yanzu ba ta sayarwa ba ce, sai dai ba gida take fara zuwa ba. Kano take zuwa. Sai takarda ta dawo da kyau sannan Rauda ta ɗora ta a murhu. A haka Hajiya Murjanatu ta karɓi tukwanenta goma sha biyu.

Siddiƙa tana nan, ta fara ƙiba, amma maganarta ba ta gama dawowa ba. Wata safiya yana ɗaura takalmi zai fita, ta zo ta riƙe gefen rigarsa. Ta daɗe tana motsa baki, sannan ta ce, "Baba. Kunu."

Ranar bai je rumfa ba.

Darasi: In mai saye ya ce a gwada kayanka, ba raini ba ne, kar girman kai ya toshe maka kunne. Tambayar da ta ɓata maka rai yau, wataƙila ita ce za ta ceci ɗanka. Kuma in ka gaji sana'a, ka gaje ta duka, har da wahalar da ba a gani. Ku tura wannan labari ga masu zubi, da masu sayar musu da ƙarfe, da duk uwar da take dama wa yaro kunu. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya raya mana zuri'a.