Hular Sudhakar da Tukunyar Tulsi

Akwai wani dattijo a wani ƙaramin gari kusa da birnin Pune, sunansa Sudhakar Jagtap. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana shugabancin tashar jirgin ƙasa ta garinsu. Ko da ya yi ritaya, abu biyu bai ajiye ba: agogon aljihunsa da fararen kayansa. Mutum ne da idan ƙuda ya sauka a hularsa, sai ya canza wata.

Matarsa Malati kuwa, duk damina tana bin ayarin masu tafiya a ƙafa zuwa Pandharpur, garin haikalin Bitthal, abin bautarsu. Tafiyar kusan sati uku ce. Kamar sauran mata, tana ɗora tukunyar tagulla a kanta, da tsiron tulsi a ciki, ɗan ganyen nan mai tsarki mai ƙamshin ɗoɗɗoya.

Tun 'yarsu Anjali tana jaririya ta yi wata doguwar jinya ta warke, Malati ta ɗauki alkawari: shekara ashirin da biyar a jere tulsin gidanta zai je Pandharpur a kan mutum. Ta cika ashirin da huɗu. Saura ɗaya tak.

Ana saura kwana goma a tashi, santsi ya kwashe ta a bakin famfo, ƙafa ta karye.

"Daina kukan nan haka," in ji Sudhakar. "Tukunya ce fa. Ni da nake sallamar jirage arba'in a rana, tukunya za ta gagare ni?"

"Baban Anjali, mata ke ɗauka."

"A wace doka aka rubuta?"

"Ba a rubuta ba."

"To magana ta ƙare."

Malati ta share hawaye. "Abu ɗaya nake roƙo. Tsiron nan ya isa da ransa. Idan ya mutu a hanya, alkawarina ya karye a shekarar ƙarshe. Kuma duk abin da Hirabai ta ce maka, ka ji."

"Wace ce kuma Hirabai?"

"Shekara goma sha takwas tana share maka tasha."

Ya ɗaga kafaɗa. "Masu shara suna da yawa."

Ya haɗa jakarsa da huluna bakwai, duk a goge, da ɗan littafin da ya tsara lokacin komai a ciki, har da na shan shayi.

Tun ranar farko ayarin ya fara ba shi haushi. A hanyar Pandharpur ba a kiran kowa da muƙami. Namiji ko mace, babba ko ƙarami, kowa Mauli ne, wato uwa. Idan mutum biyu suka haɗu, wannan ya sunkuya ya taɓa ƙafar wancan, wancan ma ya rama.

Wani ƙaton mutum mai ganga a wuya ya tarbe shi da dariya. Baburao ke nan, wanzamin unguwarsu. "Sannu da zuwa, Mauli! Yau ga namiji da gammo!"

"Yallaɓai ake ce min."

"To, sannu da zuwa, Mauli Yallaɓai!"

Ayari ya kwashe da dariya, sunan kuma ya bi shi daga ranar.

Wata 'yar siririyar tsohuwa, ita ma da tukunyarta a ka, ta sunkuya ta taɓa ƙafarsa. Ita ce Hirabai. Sudhakar ya tsaya ƙiƙam kamar turken fitila, bai rama ba. Ta yi murmushi kawai, ta gyara masa zaman gammonsa, ta wuce.

To, ga inda matsala ta fara. A gindin tukunyar akwai wata 'yar huda. Duk safiya idan ya shayar da tsiron ya ɗora a ka, sai ruwan laka ya riƙa tsatsowa, ya ratsa gammo, ya sauka a kan farar hula. Rana ta farko hula ɗaya ta ɓaci. Rana ta biyu, ta biyu.

Sudhakar ya yi lissafi: huluna bakwai, kwana goma sha takwas. Bai fita ba.

Rana ta uku, da aka tsaya cin abincin rana, ya samo kyandir, ya kunna, ya ɗiga a hudar har ta toshe tsaf. Ya ɗaga tukunyar yana dubawa da alfahari.

Hirabai tana gefe tana cin gurasar dawa da miyar garin wake. Ta ce, "Mauli, hudar nan ba mantuwa maƙeri ya yi ba. Ƙofar fitar ruwa ce."

"Na yi tunanin wannan tun kafin ki yi," in ji shi, yana buɗe littafinsa. "Zan rage mata ruwa. Rabin kofi, ƙarfe shida na safe."

"Kai ka rage naka. Na sama fa, wa zai gaya masa?"

"Baiwar Allah, kowa ya tsaya a aikin da ya sani."

Hirabai ta ci gaba da cin gurasarta.

Washegari sama ta buɗe. Kwana huɗu ana ruwa, ba ƙaƙƙautawa. Ayari yana tafe cikin taɓo, ana kiɗa, ana waƙa, ana buga ƙananan kuge. Sauran masu tukwane duk laka ta zubo musu har wuya. Sudhakar kuwa hularsa fes a ƙarƙashin tukunya.

"Kun gani?" yake cewa duk wanda ya matso. "Ilimi ke nan. Shekara da shekaru kuna wanka da laka, ba wanda ya yi tunanin kyandir."

Har ya kira Malati a waya mai hoto don ta gani. Tana ganinsa fuskarta ta canza. "Baban Anjali, yaya hularka take haka? Me ka yi wa..."

"Layin ba kyau!" ya ce, ya kashe, don bai ji yabon da yake jira ba.

Rana ta takwas ganye ya fara rawaya. Sudhakar ya ce ƙishi ne, ya ƙara rabin kofi. Rana ta tara rassan suka langaɓe, ganye ya fara zuba a kafaɗarsa. Rana ta goma, da ya sauke tukunyar, wani wari ya bugi hancinsa.

Ya zagaya bayan motar da ke ɗaukar kayan ayari ya tsuguna, ya sa tukunyar a gaba. Jan zaren da Malati ta ɗaura a jikin tsiron yana nan, amma tsiron kamar an dafa shi. Ya tuna yadda take rera masa waƙa kowace safiya, shi kuma yana ce mata ta rage murya yana karanta jarida.

Baburao ya leƙo. "Af! Mauli Yallaɓai, jirgi ya kauce layi ke nan?"

"Rufa min asiri, Baburao. Na ga ana sayar da irinsa a bakin hanya. In na mayar da zaren..."

"Matarka? Wadda ta san rassan nan ɗaya bayan ɗaya? Ko ka ruɗe ta, alkawarin fa, shi ma ruɗarsa za ka yi?" Baburao ya nuna Hirabai da haɓa. "Ga likita can tana shanya zaninta. Sai dai ba ta zuwa sai an kira ta."

Taku ashirin ne tsakaninsu, amma Sudhakar ya ce bai taɓa yin tafiya mai nisa kamar wannan ba. Ya tsaya a gabanta da tukunya a hannu.

"Ke... wato... Hirabai..." Ya nuna mata tsiron. "Mauli. Ki taimake ni."

Ta dubi tsiron, ta shinshina ƙasar. "Ɗaga ta sama. Sama sosai."

Ya ɗaga. Ta zare tsinken gashinta ta soka a kyandir ɗin. Baƙin ruwa mai wari ya tsiyayo, ya wanke masa hula, da riga, da wando.

"Kada ka motsa," in ji ta. "Kwana bakwai take riƙe da shi. Kai ma riƙe na minti biyu."

Baburao ya yi dariya har ya zauna a kan gangarsa.

Hirabai ta zare tsiron a hankali. Rabin saiwar ya ruɓe. Ta karɓi almakashin Baburao ta datse ruɓaɓɓen, ta rage rassan har sai da tsiron ya koma kamar ɗan tsinke.

"Yanzu busasshiyar ƙasa nake so, da busasshen kashin shanu."

"A wannan ruwan? A ina?"

"Ga gidaje can. Kowace mace tana da shi a rumfar girkinta. Je ka roƙo."

Haka shugaban tasha na shekara talatin da ɗaya ya bi ƙofa ƙofa a ƙauyen da bai san kowa ba, jiƙe da baƙin ruwa, yana cewa, "Mauli, a taimaka min da kashin shanu." A gida na uku wata mata ta cika masa hularsa da shi, ta ƙara masa kofin shayi, sannan ta taɓa ƙafarsa. Kafin ya ankara, shi ma ya sunkuya ya taɓa tata.

Hirabai ta marmashe abin da ya kawo, ta haɗa da yashi, ta ɗebi rabin ƙasar tukunyarta ta zuba masa, ta mayar da tsiron.

"Zai rayu?" ya tambaya da ƙaramar murya.

"Ban sani ba. Kwana uku kada ɗigo ɗaya ya taɓa shi. Lemarka ta tsiro ce yanzu, ba taka ba."

Da tukunya a ka, lema ba ta rufe mutum biyu. Sudhakar ya ɗaga ta can sama da tsiron, ruwa yana dukan bayansa, hannu yana sagewa. In ya gaji, Hirabai ta karɓa. In ta gaji, wata ta karɓa. Bai san sunayensu ba a da. Cikin kwana uku ya haddace su duka.

A hanya ya tambaye ta, "Me ya sa kika taimake ni? Shekara goma sha takwas ko gaisuwa ban taɓa yi miki ba."

"Ka taɓa yi min magana sau ɗaya. Ka ce an bar ɓawon ayaba a gaban ofishinka."

Kunya ta kama shi. Ita kuwa dariya take yi.

"Shekarar da zazzaɓi ya kama ni a hanyar nan, matarka ta ɗauki tukunyata a hannu, tata a ka, har kwana uku. Kuma ko ba ta yi ba, Mauli, tsiron bai yi min laifi ba."

Rana ta goma sha ɗaya, shiru. Ta goma sha biyu, shiru. Sudhakar ya daina duba agogo, tsinken kawai yake dubawa.

Safiyar rana ta goma sha huɗu sai ayari ya ji ihu. Aka ruga, an ɗauka maciji ne. Aka tarar da Sudhakar a durƙushe yana nuna wasu ganye biyu, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, kore shar.

"Ya fito! Baburao, ya fito!"

Ya cafki hannayen wanzamin suka shiga wasan juyi irin na hanya, ana tafi ana kiɗa, suna jujjuyawa har jiri ya kwashe su suka zube cikin taɓo su biyu.

Ranar da suka shiga Pandharpur, tsiron yana da ganye bakwai. Suka yi wanka a kogin Chandrabhaga. Layin shiga haikali ya fi na kwana guda, don haka ayarinsu ya yi yadda ya saba: aka tsaya inda ake hango ƙololuwar haikalin, aka ɗaga tukwane, aka sunkuyar da kai.

Sudhakar ya sauke tasa. A gaban kowa ya durƙusa ya dafa ƙafafun Hirabai da hannu biyu, ya daɗe bai ɗago ba.

"Tashi, Mauli, ka tare min hanya, ni ma zan rama," in ji ta.

Sannan ya kira Malati. Ya juya wayar zai nuna mata tukunya, ta ce, "Tsaya. Fara nuna min hularka."

Ya sunkuyar da kai. Hular ta koma ruwan ƙasa, da zanen laka layi layi har kunne.

Malati ta fashe da kuka haɗe da dariya. "Yanzu na yarda ka ɗauka. Ranar da na gan ta fes, na san ka toshe hudar nan. Shekara ashirin da huɗu kana yi min faɗa a kan mayafaina masu tabo a igiyar shanya. Ka ga inda tabon yake fitowa?"

"Na gani."

"To nuna min shi."

Ya nuna. Ta ƙura ido tana ƙirga ganyen da yatsa. "Yana da rai. Ashirin da biyar ta cika. Amma wa ya yi masa wannan mugun aski?"

Baburao ya cusa kai cikin wayar. "Almakashina ne, Mauli, amma ba hannuna ba ne!"

Har yau hular nan tana rataye a falon Sudhakar, ba a wanke ta ba. Duk baƙon da ya tambaya, sai ya zaunar da shi ya ba shi labarin tun daga kyandir, kuma ba ya tsallake wurin kashin shanu.

Darasi: Kafin ka toshe abin da ka tarar mutane sun bari a buɗe, tambayi dalilinsu. Matsayi da karatu ba sa hana ka koyo daga wanda ka saba wucewa ba gaisuwa, kuma wanda ya fi damuwa da tsabtar hularsa yana iya kashe amanar da ke kansa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san yana yawo da kyandir a aljihu.