Ƙwaryar da Damisa Ta Riƙe

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku bar tsokanar juna.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

A wani daji, duk kaka dabbobi kan taru, Kunkuru ya fito da ƙwaryar zaɓe da ke ajiye a wurinsa. Mai son shugaba ya ci gaba ya jefa farar tsakuwa, mai son ya sauka ya jefa baƙa. Shugaban lokacin Raƙumi ne, sarkin faɗa, kullum baki da kumfa.

Damisa ta ƙyalla ido kan kujerar, ta ɗauki Gizo ya yi mata yawon neman jama'a.

Gizo ya je wa Jaki: "Raƙumi bai zage ka ba?"

"Har uwata ya haɗa! Baƙa zan jefa."

Ya je wa Kyanwa: "Damisa fa gwaggonki ce."

"Naka naka ne. Baƙa!"

Ya je wa Akuya da kwandon dusa: "A ba 'yan biyu su lasa."

"Kai, Allah ya saka! Ai mun gaji da mulkin kama-karya."

Kunkuru ya leƙo: "Akuya, mene ne kama-karyar?"

"Tsawa mana!"

"A'a. Raƙumi na da baƙin hali, amma ko ran da ya fi fushi bai taɓa ƙwaryar nan ba. Tambayi wadda za ki ɗora, in kin gaji da ita, ta ina za ta sauka?"

Akuya ta ce, "Tsoho, kar ka cika mu da surutu." Bakinta fal dusa.

Aka jefa baƙaƙe. Raƙumi ya yi ta bambami, amma ya sauka. Damisa ta hau tana murmushi, ta ce, "Baba Kunkuru ya tsufa da ɗawainiya. Kawo ƙwaryar in adana maka." Aka yi ta tafi, wai ga mai ladabi.

Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Cikin lallami ta aiko a ba ta ɗan Akuya ɗaya ya riƙa yi mata fifita. Shiru, bai dawo ba. Da kaka ta kusa, ta aiko wai a shirya mata na biyun.

Wayyo, Akuya ta ba ni tausayi! Ta ɗauki baƙar tsakuwa a baki, ta ruga dandali. Jaki na nan da tasa, Kyanwa ma haka.

Akuya ta ce wa Damisa, "Ranki ya daɗe, ina ƙwarya?"

Damisa ta yi hamma, haƙora waje. "Wace ƙwarya? Gizo, ka san wata ƙwarya?"

Gizo ya ce, "Sai dai wadda kike shan ruwa da ita."

Ranar aka tafi da na biyun. Shi ya sa har gobe za ku ga akuya tana ta juya baki. Tsakuwar ce, ta rasa inda za ta jefa.

To, jikokina, kafin ku ɗora mutum, ku duba ko za ku iya sauke shi. Kuma kowa ya zo da dusa, ku tambaye shi kuɗinta.

Ƙurunƙus kan kusu! Kusun ma ya yi barci, saura ku.