Kaji Sun Zaɓi Gafiya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wata shekara tsuntsayen gida suka tashi zaɓen mai riƙon rumbu. Kurciya ta ce za ta raba hatsi daidai, kaji da zabi kowa ya ƙoshi. Gafiya kuwa, wadda ta wawushe rumbun bara, ta ce, "In kun ba ni, zabi ba za su ga ko ƙwaya ba."

Kaji suka ɗunguma bayan Gafiya, ta ci zaɓe.

Abin ya ɗaure wa tsohuwar Agwagwa kai. Ta tare Zakara ta ce, "Ɗan nan, ba ita ta cinye geronku ba?"

"Ita ce, Iya."

"To, ai Kurciya ciyar da ku za ta yi."

"Har da zabi fa!" in ji Zakara, yana kumbura wuya.

Kafin damina ta faɗi, rumbu ya zama wayam. Agwagwa ta iske Kaza tana tonon turɓaya, duk ta ƙanjame.

"'Yata, yanzu kun gane?"

Kaza ta yi dariya har da tari. "Iya, je ki ga Zabuwa. Wallahi ta fi ni ramewa!"

Agwagwa ta wuce tana kaɗa kai.

Ƙurunƙus kan gafiya mai ƙaton ciki!