Hansai Mai Barci da Ido Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, mu ƙara da wata!

Babu ƙari yau, guda ɗaya ce tak.

An yi wata dabbar ruwa a can tsakiyar teku, inda ruwa ke da gishiri, ba a hango gaɓa. Dolfin ake ce wa irinsu, ita kuwa sunanta Hansai. In kun gan ta sai ku rantse kifi ce, amma ba kifi ba ce. Kamar ayu take: haihuwa take yi, ta shayar da nono, iska kuma take shaƙa irin tamu. Hancinta a tsakar ka yake, ɗan rami guda. Wahalar irinsu ita ce numfashi ba ya zuwa musu da kansa. Ku nan ko minshari kuke, ƙirjinku na ta aikinsa. Su kuwa kowane numfashi sai sun tuna da shi, su taso saman ruwa, su shaƙa, su koma. Wanda ya manta, ya tafi ke nan.

Hansai ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, har ta fid da rai. Sai Allah ya ba ta ɗa namiji, aka sa masa Tunau. Da wutsiya ya fara fitowa, yadda 'ya'yansu ke yi. Ta sa baki ta tura shi sama, ya ja iskarsa ta farko, fuu! Ta yi murna har ta rasa inda za ta sa kanta.

To amma jaririn dolfin ba ya tsayawa wuri ɗaya. A gefen uwarsa yake tafiya, ruwan da ta keta shi ke jan shi. In ta tsaya, sai ya nutse. Gwaggonta Shekara, wadda ta zo zaman jego, ta bi dangi farautar kifi can nesa don ta samo mata abinci, ta ce ba za ta daɗe ba. Aka bar Hansai daga ita sai ɗanta. Su hau, su shaƙa, su sauko. Su hau, su shaƙa, su sauko. Kwana goma haka, ko runtsawa ba ta yi ba. Ta gaji irin gajiyar da ko kuka ba a iya yi.

Akwai wani tsohon kifi mai cin nama, haƙoransa jeri-jeri, ana ce masa Zarto. Tsufa ya rage masa gudu, in ya bi dolfin ba ya cim mata, sai ya koma ga dabara. Ya zo yana rangaji, ya yi sallama.

Ya ce, "Maijego, barka da arziki. Kai, dubi idonki! Kawo yaron in riƙe miki, ki ɗan runtsa."

Ta ce, "Na gode, Baba. Ba ya yarda da kowa."

Ya ce, "Allah ya raya." Ya tafi.

Su hau, su shaƙa, su sauko. Bayan kwana biyar ya dawo.

Ya ce, "Maijego, har yanzu? Ina da kogo a ƙasa, shiru, ba igiyar ruwa, ba rana. Duk kifayen unguwa can suke hutawa."

Ta ce, "Baba, ni ba kifi ba ce. In na daɗe a ƙasa, mutuwa zan yi."

Ya ce, "Wa ya ce ki daɗe? Allah ya raya." Ya tafi. Amma ya bar mata maganar kogon nan a ka, duk inda ta juya sai ta ji tana tuna shirun.

Su hau, su shaƙa, su sauko. Ranar kwana ashirin, Hansai ta fara ganin Tunau bibbiyu. Sau biyu tana buɗe hanci kafin ta kai sama, ta kwankwaɗi ruwan gishiri. Sai ga Zarto.

Ya ce, "'Yata, tausayinki ya hana ni sakat. Ko tsorona kike ji? Yanzu na ci na ƙoshi, ko kifi ya shigo bakina da kansa sai in tofar. Ki rufe ido gwargwadon yadda kumfa zai tashi daga ƙasa ya kai sama. Ni zan tashe ki."

Yara, ku ji inda ta yi kuskure. Allah ya ba dolfin wata baiwa. Takan yi wata 'yar ƙara daga goshinta, ƙyas-ƙyas-ƙyas, ƙarar ta je ta bugi abu ta dawo, ta gaya mata girmansa da abin da ke cikinsa. Da Hansai ta aika ƙarar nan sau ɗaya, da ta ji ko cikin Zarto a cike yake. Ta san da haka sarai. Ba ta aika ba, don ba ta son jin amsar. Barcin take so.

Ta ce, "Kumfa ɗaya fa, Baba."

Ya ce, "Kumfa ɗaya."

Suka hau suka cika ƙirji da iska, ita da Tunau, suka bi shi ƙasa. Ruwa ya yi sanyi, ya yi duhu, ya yi tsit. Hansai ta rufe ido na dama, ta rufe na hagu. Wayyo daɗi! Jikinta ya saki, ta yi ta sulalewa ƙasa kamar an jefa dutse a rijiya. Kumfa ya tashi ya kai sama. Wani ya bi shi, wani ya bi wancan. Zarto bai tashe ta ba. Jira yake ta shaƙi ruwa, ya fara da ɗan, ya ƙare da uwar.

Ku sani kowane dolfin yana da fitonsa na kansa, shi ne sunansa. Tunau bai iya komai ba tukuna, sai fiton uwarsa da yake ji tun yana ciki. Da ƙirjinsa ya fara zafi, sai ya yi shi, siriri, a karkace. Hansai ta ji sunanta daga can nesa. Wallahi ba ta so farkawa ba, amma ta farka. Ta aika ƙyas-ƙyas-ƙyas cikin duhu, ƙara ta dawo ta ce mata: ga Zarto bayan ɗanki, baki a wangale, cikinsa fayau, rabonsa da abinci kwana uku.

Inda ta samo ƙarfi, Allah kaɗai ya sani. Ta taho a guje ta soke shi da dogon bakinta a haƙarƙari, ƙum! Ya wuntsila. Ta tallabo Tunau a goshi, ta yi sama, ƙirjinta kamar an zuba barkono. Suka fasa ruwa. Ta jira. Shiru. Ta sake tura shi. Can sai ta ji fuu!

Ta ƙwala fito da ɗan sauran numfashinta. Dangi na kan hanyar dawowa, suka ji, suka rugo, Gwaggo Shekara a gaba. Suka tarar da Zarto yana lallaɓowa. Wannan ya soka, wancan ya soka, har ya gudu da haƙarƙari a karye, bai ƙara leƙo wajen ba.

Hansai ta ce, "Gwaggo, na kusa kashe ɗana saboda barci."

Gwaggo ta ce, "Laifina ne da na tafi ban koya miki ba. Ina ce duk kun iya. Rufe ido ɗaya. Rabin kanki ya kwanta, rabi ya yi gadin numfashi da yaro. In wancan ya huta, ki juya."

Hansai ta gwada. Ido ɗaya a rufe, ɗaya a kan Tunau, wutsiya na kaɗawa a hankali. Barci ne, amma ba irin na ƙasan nan ba.

Ta ce, "Gwaggo, yaushe zan rufe duka biyun? In na yaye shi?"

Gwaggo ta yi 'yar dariya marar daɗi. Ta ce, "Shekarata arba'in, 'yar nan. Na yaye takwas. Ban taɓa rufe biyu ba."

 Hansai ta tuna daɗin da ta ji a ƙasa, ta san ta ɗanɗana shi na farko kuma na ƙarshe. Ta dubi ɗanta da idon da ke buɗe. Suka hau, suka shaƙa, suka sauko.

Shi ya sa har gobe dolfin da ido ɗaya take barci. Ku kuma, in gajiya ta kai muku iya wuya, wani ya zo da tayi mai daɗi, ku bincika cikinsa ko da ba ku son abin da za ku ji. In kuma kun ga uwa tana gyangyaɗi a zaune da yaro a cinya, kada ku yi mata dariya. Ku karɓi yaron.

Ƙurunƙus kan ɗan kifi, ta nutse a teku, na bar ta can.